Ƙarshen Waƙar Yalwa

An ce wai a can zamanin da, a wani ƙauye da ake kira Tungar Maje, an yi wani mahaƙin rijiya mai suna Arzika. Mutum ne da Allah ya ba sanin ruwa. In ya tsaya a fili ya dubi ciyawa, ya dubi inda tururuwa ke gini, ya ce a haƙa nan, da wuya a haƙa a tarar da wayam. Saboda haka da an kawar da amfanin gona sai garuruwa su yi ta aiko masa, shi kuwa ya ɗauki dagi da igiya ya kama hanya, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Rabin shekara yana gida, rabi yana ƙarƙashin ƙasar wasu mutane.

Matarsa Yalwa mace ce mai tsananin kunya, irin matan da ba sa kama sunan miji ko da wasa, ba sa haɗa ido da shi in da mutane. Ba ta taɓa ce masa kada ya tafi ba, ba ta kuma taɓa ce masa ta yi kewarsa ba. In zai tafi ta ɗaure masa guzuri ta ce Allah ya kiyaye hanya, in ya dawo ta kawo ruwa ta durƙusa ta ce sannu da hanya, iyakar zancen ke nan. Amma tana da wata waƙa da take yi a bakin dutsen niƙa, ita ta ƙagi abarta, ba a taɓa jin ta a bakin wata mace ba. Gidansu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, saboda haka Arzika ya sha jiyo waƙar tun daga nesa in yana dawowa daga gona:

Gero, gero, bi dutse sannu,
Rana ta take tsaka, inuwa ta gudu,
Kurciya ta koma kan maje,
Ni kaɗai ce ban huta ba.

Daga nan sai karin ya juya, muryar ta yi ƙasa, kamar mai shirin faɗin abin da ya fi na farko nauyi. To, a daidai nan ne kullum Arzika ke isowa bakin ƙofa, shi kuwa mutum ne da aka yi wa tarbiyya, ko gidansa ba ya shiga sai ya yi gyaran murya ya yi sallama. Da ta ji shi sai ta haɗiye sauran. Ya sha tambayarta me ke gaba, sai ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta ce waƙar mata ce, ba ta kunnen maza ba. Da ya so, da ya laɓe a bayan zana ko sau ɗaya ya ji. Amma yana ganin laɓe ba aikin mutumin kirki ba ne, kuma yana ganin ai akwai lokaci. Mutane da yawa sun yi wannan tunanin kafin shi, kaɗan ne suka ji daɗinsa.

Wani rani, yana can wata ƙasa a cikin rami, zazzaɓi ya kama Yalwa. Kafin saƙo ya same shi an riga an rufe ta. Ya dawo ya tarar da dutsen niƙa a kife, da 'yarsu Lanti, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, a bayan gwaggonta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Arzika ya sake aure kamar yadda ake yi, aka zauna lafiya, har ita ma matar ta biyu kwananta ya ƙare. Lanti ta girma ta yi aure a cikin ƙauyen, ta haifi 'ya'ya. Gwiwoyin Arzika suka daina yarda da shiga rami, sai dai ya zauna a bakin rijiya yana nuna wa samari. Abu ɗaya ne bai tsufa a zuciyarsa ba, wato rabin waƙar nan. Yakan rera ta a hankali har ya zo inda take juyawa, sai ya tsaya, kamar wanda ya zo bakin rafi ya tarar babu kwalekwale. Kuma ba son jin daɗin waƙa kaɗai ke cinsa ba. Kowa ya sani bakin dutsen niƙa nan ne mace ke sauke abin da ke damunta. Wadda miji ya ɓata wa rai ba ta zuwa wurin alƙali, dutse take gaya wa. Shi ya sa Arzika ke tsoron kada rabin da aka ɓoye masa habaici ne, kada Yalwa ta tafi kabari tana riƙe da shi a rai saboda yawan barin ta da ya yi. Ya tambayi tsofaffin matan ƙauyen, suka ce sun sha jin sautinta daga nesa, amma ba wadda ta riƙe kalmomin. Yana kewar matar nan ƙwarai, kuma kewar da ke haɗe da tsoro ta fi kowace irin kewa hana mutum sakewa.

Ran nan yana zaune a bakin rijiya sai ga wani bafatake ya zo shayar da jakunansa. Yana jan guga yana wani ɗan kari a maƙogwaro, ba kalmomi. Arzika ya kasa kunne. Karin Yalwa ne, an ƙara masa sauri da ƙarfi, amma shi ne, har da juyin nan, har ma ya wuce juyin ya ci gaba. Ya riƙe hannun mutumin ya tambaye shi inda ya samo wannan. Bafataken ya yi dariya ya ce lallai tsoho bai taɓa zuwa Birnin Dargaza ba, ai wannan taken Sarkin Dargaza ne, wanda Makaɗa Cindo Mai Kotso ya yi, mutumin da ko jariri ya san sunansa daga nan har bakin teku. Ya ƙara da cewa shi ma don ya fita daga ƙasarsu ne yake yi, a can ba mai iya buɗe baki da shi.

Arzika ya je ya gaya wa Lanti zai tafi Dargaza. Ta dubi gwiwoyinsa, ta dubi sandarsa, ta ga ba abin da za ta faɗa ya tsaya. Sai ta nemi izinin mijinta, ta bar yara wurin surukarta, ta ce in dai waƙar innarta ce ita ma tana da rabo a ciki, don ba ta ko iya tuna fuskarta. Suka bi ayari, kwana da kwanaki, har suka ga ganuwar birnin.

Samun gidan Makaɗa Cindo bai yi wuya ba, ganinsa ne aiki. Tun safe ƙofar gidan cike take. Ga manzannin hakimai da dawakan kyauta, ga attajirai masu son a sa sunansu a waƙa, ga maroƙa, ga 'yan amshi suna shiga suna fita suna hura hanci kamar su suka yi waƙoƙin. Tsoho mai taguwar saƙi da mace 'yar ƙauye ba wanda ya ko dube su. Duk wanda Arzika ya tare ya fara yi masa bayani, da ya ji an ambaci dutsen niƙa sai ya yi gaba. Suka yi ta zuwa suna komawa har guzurinsu ya fara ƙarewa.

Mai masaukinsu, da ya ji abin da ya kawo su, ya ja musu kunne. Ya ce tun lokacin da wani ɗan sarki ya sa aka kaɗa masa taken nan a ƙauye, don ya gwada yadda sarauta za ta zauna masa, aka kafa doka: ba mai rera shi sai makaɗan fada, su ma ba sa yi wa kowa sai sarki. Wanda ya karya, bulala ce a bainar jama'a, sannan a kore shi daga ƙasar. Lanti ta tsorata, ta roƙi ubanta su haƙura su koma gida. Arzika ya ce, "Lanti, ni ba taken sarki na sani ba. Waƙar uwarki na sani. In mutumin nan yana da kunne, zai gane ta ko ta bayan katanga."

Da gari ya waye ya je ya tsaya a tsakiyar taron ƙofar gidan, ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya ya fara, gero, gero, bi dutse sannu. Bai kai kan kurciya ba dogarai suka rufe shi. Lanti ta bi su tana kuka har ƙofar fada.

Aka shigar da su gaban Sarki Barmo. Sarkin Fada ya miƙe ya ce laifin tsohon nan biyu ne, kuma na biyun ya fi na farko muni: ya rera taken Zaki a kan titi, sannan da aka tambaye shi ya ce wai waƙar niƙan matarsa ce. Fada ta ɗauki guna-guni. Sarki Barmo kuwa mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya dubi tsohon, ya ga ba shi da kamar mahaukaci, ba shi kuma da kamar ɗan tawaye. Sai ya ce waƙa tana da mai ita, a kira Cindo, shi ya haife ta, shi zai yanke hukunci, kuma abin da ya yanke shi za a yi.

Arzika ya zaci zai ga wani ƙato mai cika ƙofa. Sai ga wani ɗan gajeren mutum, siriri, gemunsa ya fara furfura, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tattalin muryarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, aka gaya masa yadda ake ciki. Duk wanda ke wurin ya ga ramin da aka haƙa masa. In ya ce daga kansa ya ƙagi taken, tsoho ya zama maƙaryaci, bulala ta hau shi. In kuwa ya ce tsoho ya yi gaskiya, to ya faɗa da bakinsa cewa shekara da shekaru waƙar niƙa yake kaɗa wa sarki, abokan gaba su samu abin dariya, shi kuma gwanin da ba a taɓa kamawa da aro ba ya zama mai kwasar waƙoƙin mata. Arzika ma ya gane haka, kuma ya ga kalma ɗaya ta ishi mutumin nan ya kuɓuta. Bai san su ba, ba su haɗa komai ba, in ya ce ban san zancen ba babu mai zarginsa. Tsohon ya sunkuyar da kai, ba bulalar yake tunani ba, korar yake tunani, a fitar da shi daga garin da sauran waƙar take bai ji ta ba.

Cindo ya matso ya tsuguna a gabansa, abin da ya ba fadawa mamaki, ya ce ya sake rera abin da ya rera. Aka dubi sarki, sarki ya gyaɗa kai. Arzika ya fara da muryarsa ta tsufa mai rawa, a hankali, yadda hannu ke tura ɗan dutse ya dawo da shi. Ya zo inda karin ke juyawa, ya tsaya.

Cindo ya ce, "Ci gaba, Baba."

Arzika ya ce, "Iyakar abin da na sani ke nan, Makaɗa. Sauran na zo nema." Sai ya ba da labarin sallamar da ke katse waƙar, da rasuwar Yalwa yana can nesa, da tsoron da ya tsufa da shi. Bai roƙi a yafe masa ba. Ya ce in za a doke shi a doke shi, amma don Allah a fara gaya masa abin da ta ce.

Cindo ya tambaye shi ko gidansu ne na ƙarshe a ƙauyen, mai itacen maje a bayan danga. Ya ce shi ne. Ya tambaye shi sana'arsa, ya ce haƙar rijiya. Da jin haka sai Cindo ya miƙe. Sannan ya juya wajen sarki ya ba da nasa labarin ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce tun yana saurayi, ba wanda ya san shi, ya ratsa wani ƙauye da rani, rana ta dafa shi, ya zauna a inuwar wani maje a bayan wani gida. A ciki wata mace na niƙa tana waƙa, jaririya na kuka a bayanta. Bai ga fuskarta ba, ita ma ba ta san da shi ba. Ya saurara har ta gama, ya tashi ya tafi da karin a kunnensa, kuma da wannan karin ya gina taken da aka sani. Ya waiwayi Lanti ya ce ashe ita ce mai kukan nan, ta kusa hana shi jin baiti guda. Lanti ta yi murmushi cikin hawaye, amma ba wanda ya taya ta, Sarkin Fada har ya fara gyara tsayuwa don ya yi magana.

Cindo ya riga shi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a duk ƙasar nan akwai wanda Zaki ke cire takalmi in zai shiga wurinsa?"

Sarki ya ce, "Mutum ɗaya. Mai Babban Ɗaki."

Cindo ya ce, "To, ranar da aka naɗa Zaki, ban ji an ce a ɓoye ta ba don ta taɓa goya shi, ta taɓa niƙa masa garin kunu da hannunta. Gina mata gida aka yi, aka ce kowa ya rusuna. Babu sarkin da ya sauko daga sama da rawaninsa, mace ce ta haife shi, kuma waƙa ma haka take. Taken Zaki ɗa ne. Ni na yi masa rawani, na sa kotso a bayansa, na kawo shi fada. Abin da dattijon nan ya rera uwarsa ce. Doka ta hana a taɓa ɗan, ban ji inda ta hana a ambaci uwar ba. Kuma in Zaki yana so ya san abin da ya sa mazaje ke yin tsit in an kaɗa taken nan, har su ji ƙirjinsu ya cika, ba gwanintata ba ce. Wadda ta yi shi tana jiran wani ne da zuciya ɗaya. Na ga haka ya kamata jama'a su jira fitowar sarkinsu, shi ya sa na kawo shi ƙofarka."

Sarki Barmo ya dubi ƙasa. Mahaifiyarsa na nan da rai, ta tsufa tukuf, kuma ya san waƙoƙin da ta yi masa yana goye ba na fada ba ne. Can ya ɗaga kai ya ce a saki tsoho, ba shi da laifi, kuma daga yau duk wanda ya yi wa taken dariya saboda asalinsa, da Mai Babban Ɗaki yake. Sannan ya ce yanzu shi ma ya ƙagu, Cindo ya rera sauran a ji.

Nan Cindo ya sake faɗuwa ya nemi gafara. Ya ce matar nan ta ɓoye wa mijinta na aure wannan baitin saboda kunya, in shi ya baza shi a gaban fadawa ya tona asirin wadda ke kwance a kabari. Kuma ba zai iya jan tsoho gefe ya rera masa ba, domin bakinsa na sarki ne, ya rantse ba ya yi wa kowa wannan karin sai Zaki. Sarkin Fada, wanda ke neman inda zai huce, ya ce to ai Makaɗa ya ɗaure kansa, ba ya rerawa a nan, ba ya rerawa a can, tsoho ya sha wahalar banza, sai ya koma gida hannu rabbana. Arzika ma haka ya gani.

Cindo ya ce, "Ga hukuncina, tunda ni aka ba. Baitin nan ajiya ce a wurina, mai ita ta rasu, ga magajiyarta a durƙushe. Zan gaya mata kalmomin da magana, kamar mai isar da saƙo, ba zan rera ba. Karin kuwa ubanta ya riga ya sa mata farkonsa a kunne tun tana ƙarama, sauransa ta ji shi a taken Zaki. Gobe ta shiga cikin gidana ta yi niƙa. Abin da mace ta gaya wa dutse a cikin gida, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa kawo shi fada ba."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce ya tabbatar da hukuncin, kuma a ɗebi geron da za a niƙa daga rumbunsa, garin kuwa a kai wa Mai Babban Ɗaki.

A ranar Cindo ya sa aka kwaso kayan baƙin daga masauki aka kawo gidansa. Ya sallami manzannin hakimai, ya ce wa attajirai su dawo wani makon, yana da manyan baƙi. Mutanen da suka yi ta wuce Arzika a ƙofa suka koma suna rige-rigen kawo masa ruwa, kamar yadda irinsu suka saba. Da yamma Cindo ya zauna a zauren ciki tare da uwargidansa da Lanti, ya yi ta maimaita mata kalmomin har ta riƙe. Arzika bai san me aka gaya mata ba. Ya dai ga ta fito idanunta sun yi ja, ta kasa dubansa, sai tsoronsa ya ƙaru.

Kashegari da rana ta take tsaka, Cindo ya zo da kansa ya kama hannun tsohon. Bai bi da shi ta ƙofar shiga gida ba, ya zagaya da shi ta baya, inda aka kewaye wurin niƙa da zana, ga wata bishiya ta yi inuwa. Mutumin da sarakuna ke shimfiɗa wa darduma ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya zaunar da Arzika kusa da shi. Daga ciki ana jin gurzar dutse, gaba da baya. Arzika ya ji maƙogwaronsa na shirin yin gyaran muryar da ya saba yi tun yana saurayi. Cindo ya dafa gwiwarsa ya ce a hankali, "Baba, yau kada ka yi sallama."

Muryar Lanti ta taso. Bai taɓa jin ta tana waƙa ba, bai san haka ta ɗauko uwarta ba. Gero ya bi dutse, inuwa ta gudu, kurciya ta koma kan maje. Karin ya zo inda yake juyawa, muryar ta yi ƙasa, kuma a wannan karon ba abin da ya katse ta:

Mai rijiya, ka ba gari ruwa,
Ka bar ni da ƙishirwa a ɗaki.
Na sake auna tsabar mutum biyu,
Hannuna bai san ka tafi ba.
Allah maido min kai da damina,
Ko da ba ka samo komai ba.
In ka dawo ba zan faɗa ba,
Sai dai in ce, sannu da hanya.

Dutsen ya ci gaba da gurza na ɗan lokaci, sannan ya tsaya. Arzika na zaune bai motsa ba, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan taguwarsa. Ya tuna duk dawowar da ya yi, da ƙwaryar ruwan da ake miƙo masa, da kalmomin nan uku da yake amsawa yana kwance igiya bai ko ɗaga kai ba. Ashe duk abin da ya yi shekaru yana nema an sha gaya masa a bakin ƙofa. Ya ji baƙin ciki, ya ji daɗi, ya kasa raba su. Can ya buɗe baki, ya kira sunan da bai taɓa kira a gaban wani ba, ya ce, "Yawwa, Yalwa. Sai yanzu na iso."

Cindo ya tashi a hankali ya bar shi a wurin, ya hana kowa zagayawa ta bayan gidan har la'asar. Da baƙin za su tafi ya haɗa su da ayari mai aminci, ya ba tsohon jaki don gwiwoyinsa. Arzika ya rasa da wane baki zai gode. Cindo ya ce ba godiya, shi ne ya daɗe yana cin albarkacin matar da bai taɓa gani ba, kuma ya ji daɗi da Allah bai ɗauki ransa da kayan mutane a hannunsa ba.

An ce da suka koma Tungar Maje, Lanti ta sa aka ɗauko dutsen niƙan nan da ke kife aka kai gidanta. Kuma har ƙarshen rayuwar Arzika, mutanen ƙauyen sukan gan shi da tsakar rana zaune a bayan dangar 'yarsa, ya jingina sandarsa, ya yi shiru. Wanda ya zo wucewa ba ya gaishe shi sai dutse ya tsaya.

Masu hankali da suka ji labarin suka ce: wanda Allah ya ɗaukaka, in ya tsuguna don baƙo ba ya raguwa, kuma mafi girman kyauta ita ce ka mayar wa mutum abin da yake nasa tun asali, ta hanyar da ba za ta kunyata mai rai ko mamaci ba.